Sunan da Ban Faɗa Ba a Gindin Ɗorawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ke tantance waɗanda ƙasa za ta ba lambar girma,
ta hannun Edita.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ban girma, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da abokan aikinka, ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta wannan takarda har ƙarshe, ko da ta yi maka tsawo. Ni malamin gona ne, haifaffen Ƙanƙara. A Faskari nake aiki, ƙauyukan Sabuwa kuma suna cikin zagayena, a can na yi aure. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, ba na kuma son fitowa fili. Sai da na bi hanyar ofis sau uku aka yi mini shiru, sannan na biyo ta nan.

A cikin waɗanda kuka girmama bana akwai manyan sojoji, akwai kuma masana kimiyya. Ɗaya daga cikin masanan, wani Dakta a fannin noma, an ba shi lamba saboda wata dawa da ƙuduji ba ya iya kashe ta. Ba na jayayya da lambarsa. Abin da nake kuka a kai shi ne, irin dawar nan daga hannun wani tsoho ya fito, tsohon yana nan da rai a wani ƙauye bayan Sabuwa, sunansa kuma bai fito ko a wuri ɗaya ba. Tsohon nan surukina ne, mahaifin mai ɗakina. Wanda ya jawo sunan ya ɓace kuwa ni ne. Gara in faɗa da bakina tun daga farko, kafin wani ya tono.

Na ɗaya: yadda dawar ta samu.

Wanda bai yi noma ba zai ga ƙuduji ya ce fure ne mai kyau. Ciyawa ce da ke kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse ta, kafin ka ga furenta a sama ta riga ta gama ɓarna. Gonar da ya kama, sai dai mai ita ya bar ta ya nemi wata. Kowane manomi a ƙasarmu, idan zai ɗebi iri, wurin da gona ta fi kyau yake zuwa, ya zaɓi zangarniya mafi girma. Baba, haka nake kiran surukina, shi kaɗai yake yin akasin haka. Idan kaka ta gabato sai ya yayyaga tsohuwar riga, ya cika aljihu da tsumma, ya nufi kusurwar da ƙuduji ya fi yi wa kaca-kaca. Duk karan da ya gani a tsaye da kansa cike a tsakiyar wannan ɓarna, sai ya ɗaura masa tsumma. Waɗannan yake yanka dabam kafin a shiga girbi, ya rataye su a ɗakin girki inda hayaƙi zai hana ƙwari. Damina ta zo, ya mayar da su a wannan mugun wurin dai, ya sake zaɓa.

Fiye da damina ashirin ya yi yana wannan aiki, mutane suna yi masa dariya. Har cewa ake yi yaƙi ne ya taɓa masa kai, don tsohon soja ne, ya je yaƙin Bama ya dawo da igiya biyu, wato muƙamin kofur. Amsarsa ɗaya ce kullum: “Ni na ga waɗanda suka hi kyau wurin fareti, na kuma ga waɗanda suka dawo gida. Ba su ba ne.” Da tafiya ta yi tafiya masu dariyar suka fara aiko da ƙwarya a ɗiba musu. Bai taɓa hana kowa ba. Yau in ka shiga kasuwar Faskari ko ta Mairuwa ka ce kana neman 'Yar Kofur, ba wanda zai tambaye ka me kake nufi.

Na biyu: ranar da na yi kuskuren.

Damina bakwai ke nan da Dakta ya zo yankinmu a farar mota, yana tattara irin shuke-shuke na manoma. Ba Bahaushe ba ne, ba ya jin Hausa, aka haɗa ni da shi in yi masa tafinta in kuma cike masa fom. Zan faɗi gaskiya a kansa: mutum ne mai haƙuri, yana shiga gona da ƙafarsa, ya ci dafaffen rogo tare da mu ba ƙyama. Da ya ji labarin dawar da ke tsayawa a cikin ƙuduji, sai ya ce lallai a kai shi. Ni kuwa na san gonar wa za mu.

Ranka ya daɗe, in kai ɗan ƙasar nan ne ka san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Tun da aka ba ni 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da Baba ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba. In na zo gaisuwa, daga bakin zaure nake durƙusawa, in cire takalmi, in kalli ƙasa. Shi ma in yana da magana da ni, ta bakin wani take zuwa. Haka muka tashi muka ga ana yi, ban kuma taɓa jin ya yi mini nauyi ba sai ran nan.

Muka tarar da shi a gindin ɗorawar da ke bakin gonarsa. Ya yi wa Dakta bayani tiryan-tiryan, yana kallon kututturen itacen, ni kuma ina juyawa da Turanci ina kallon takalmin Dakta. Ya shiga gida ya sauko da zangarniya goma sha biyu daga cikin waɗanda ke rataye a hayaƙi, ya ba shi kyauta. Dakta ya yi murna ƙwarai. Sai ya nuna mini gurbin da ke cikin fom, ya ce in rubuta sunan manomin, in kuma faɗa masa da baki ya ji yadda ake furta shi. Baba na tsugune taku uku daga inda nake. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Dakta ya sake tambaya. Na ce masa ai manoman nan ba su damu da suna ba. A gurbin sunan manomi na rubuta “wani manomi”, a gurbin sunan iri na rubuta “farar dawa ta gida”. Ko 'Yar Kofur ɗin ma ban rubuta ba.

Dakta bai haƙura ba, ya fito da na'urar hoto ya ce Baba ya tsaya a tsakiya, shi a dama, ni a hagu. Baba ya fahimci abin da ake nufi tun kafin in juya maganar, ya miƙe ya ce bari ya duba awaki, ya shige gida bai sake fitowa ba. Ina zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarsa? Direban Dakta aka ba dawar ya riƙe aka ɗauka. Na ga hoton nan daga baya a cikin wani littafin aiki da aka rarraba mana: ga direba yana washe baki da zangarniya a hannu, mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba.

Ba zan ɗora wa al'ada laifin duka ba, don akwai mafita ban bi ba. Da na kira liman, ko duk wani mai wucewa, ya faɗi sunan. Da na bari sai mun shiga mota na rubuta, alƙalami ai ba ya ƙara. Gaskiyar da na daɗe ina ɓoye wa kaina ita ce, bayan kunyar akwai tsoro. Sabon malami ne ni lokacin, ina gudun a ce a ofis na cusa surukina a takardar gwamnati. Na kare mutuncina da na tsohon, a ganina, na koma gida ina jin na yi abin kirki. Na ɗauka zangarniya goma sha biyu ce kawai za ta je ta kwanta a wani ɗaki ta ruɓe.

Na uku: yadda ta dawo mana.

Ba ta ruɓe ba. Dakta ya yi aiki a kanta shekara da shekaru, ya gwada ta a ƙasashe iri-iri, ya tace ta, ya sa ta nuna da wuri fiye da yadda take. Wannan aikinsa ne, Allah ya sani, ban rage masa ko ƙwaya ba. Bara waccan sai ga buhuna sun iso ofishinmu, an buga musu haruffa da lamba a jiki, aka ce sabon iri ne daga cibiyar bincike, mu raba wa manoma mu koya musu yadda ake shuka shi. Na ɗaura buhu a bayan babur na shiga ƙauyuka ina wa'azi.

Da na kai ƙauyensu Baba, mutane suka taru a ƙofar mai unguwa. Idon Baba ya riga ya fara rauni lokacin. Aka miƙa masa a tafin hannu, ya murza, ya shinshina, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna. Sai ya juya wajen liman ya ce, “Malam, wagga ai ɗiyar gidana ce. Ta yi boko ta dawo.” Jama'a suka fashe da dariya. Ni kuwa ina tsaye da takardar koyarwa a hannu, an ce in koya wa mutumin nan tazarar da zai bari tsakanin rami da rami. Ban san lokacin da na ninke takardar na sa a aljihu ba.

Daga ranar na fara neman gyara. Na rubuta takarda ta hannun shugabana, ko a cikinta ban iya sa sunan ba, shiru. Na sake, shiru. A karo na uku na ɗauki hutun kwana biyu na tafi cibiyar da kaina. Na wuni a benci. Da la'asar wani akawu ya tausaya mini ya ciro fayil ɗin, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layin. Rubutuna ne, da shuɗin alƙalamina, har da sa hannuna a ƙasa. Ya ce ba a sauya abin da aka riga aka shigar sai da izinin Dakta, Dakta kuma yana ƙasar waje wajen taro. Ya dube ni ya ce, “Malam, ai kai ka rubuta.” Na bar wasiƙa a ba Dakta in ya dawo, ina roƙon ya neme ni a ba shi sunan, har yau ban san ko ta kai hannunsa ba. Ina kyautata zaton ba ta kai ba, don mutumin da ya tambaye ni sunan har sau biyu ba zai ƙi karɓarsa ba.

A nan nake da ƙorafi a kan hukuma, ba a kaina kaɗai ba. Ƙaramin ma'aikaci ya yi kuskure, ya gane, ya zo da ƙafarsa ya ce a gyara, me ya sa ba a da ƙofar da zai shiga? Kwamitinku kuma, da zai ba da lamba a kan dawa, bai aiko ko mutum ɗaya ya zo ya ga inda ta fito ba. Na san hanyar Sabuwa ba ta da daɗi, da damina mota sai an tura. Amma motar Dakta ta shiga lokacin da za a karɓo irin.

Na huɗu: ranar da aka karanta sunaye.

Da aka yi mana ƙarin albashi na sayi rediyo na aika wa Baba ta hannun 'yarsa. Ranar bikin ba da lambobin, da hantsi, na kai mai ɗakina gida ta duba shi, don ƙafafunsa sun kumbura ba ya fita. Yana kwance a zaure da rediyon kusa da kunnensa, ita tana zaune gefensa, ni ina waje a jikin bango inda nake ji ba a ganina.

Da aka fara kiran sojoji, ana busa ana kaɗa ganga, sai na ji ya ce a tashe shi zaune. Duk wanda aka kira sai ya ce, “Madalla. Su ci, sun sha wuya.” Ko ɗigon hassada babu a muryarsa. Shi ma yana da tasa lambar ta yaƙin Bama, tana cikin wani gwangwani tare da allura da zare. Mai ɗakina ta taɓa kawo mini na gani. Na juya ta gaba da baya, babu sunansa a jiki, irin wadda aka ba kowa ce.

Sai aka zo kan masana, aka kira Dakta, mai sanarwa ya ce shi ne ya gano dawar da ta gagari ƙuduji. Baba ya ce, “Ba shi ne mai farar mota ba, wanda ya ci rogo nan? Allah ya sanya alheri, yaron kirki ne.” Can sai ya ce wa 'yarsa, “Tambayi malaminku, da wane suna suke kiranta can?” Ya san ina jin sa. Ta leƙo, na faɗa mata haruffan da lambar da ke jikin buhu, ta koma ta maimaita masa. Ya yi 'yar dariya ya ce, “Lamba. Mu ma lamba aka ba mu. Ashe ita ma soja ta shiga.” Sannan ya karanto tasa lambar ta soja daga farko har ƙarshe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, ya ce a kwantar da shi.

Ranka ya daɗe, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Turawa sun kai shi bayan teku sun dawo da shi ba su rubuta sunansa a ƙarfen da suka ba shi ba, su baƙi ne, ba su san shi ba. Ni da ya ba 'yarsa, nake cin tuwon dawarsa, 'ya'yana ke hawa cinyarsa, ni na sake yi masa haka. Na zauna a jikin bangon nan na yi kuka, ina rufe baki da hula kada ya ji.

A kwanakin nan kuɗin fetur ya shigo, samarinmu sun ajiye fartanya sun tafi birni ɗaukar siminti, shinkafar waje ta cika kasuwa, gwamnati kuma tana ta kira a rediyo a koma gona. Ni ake aikawa in faɗa wa matasa noma abin alfahari ne. Da wane baki zan faɗa? Sun san dawar, sun san mai ita, sun kuma ji sunan da aka kira.

Abin da nake roƙo.

Na farko, kada a taɓa lambar Dakta. Ya cancance ta, Baba ma haka ya ce.

Na biyu, a aiko mutum ya bincika. Liman na nan, mai unguwa na nan, manoman Faskari da Mairuwa da Sabuwa da suka karɓi irin a ƙwarya tun kafin a san da buhu suna nan. Zangarniyar bana ma tana rataye a hayaƙi, sai dai ba shi ya ɗaura tsumman ba, 'yarsa ce ta shiga gonar ta ɗaura, yana gaya mata daga kwance irin karan da za ta nema.

Na uku, a buɗe fayil ɗin nan a soke “wani manomi” a sa sunansa, a kuma ƙara 'Yar Kofur a jikin buhu kusa da lambar. In akwai horon da ake yi wa ma'aikacin da ya cike fom ba daidai ba, a yi mini, na yarda.

Na huɗu, in da hali, a rubuto masa takarda ko ta layi uku ce, da sunansa a sama da hatimin hukuma a ƙasa, liman ya karanta masa. Ba kuɗi yake nema ba, bai ma nemi komai ba, ni ne mai nema. Sai dai a hanzarta. Rai na hannun Allah, amma kumburin ya wuce gwiwa, abinci kuma sai an lallashe shi.

Kafin in aiko da wannan takarda na tura mai ɗakina ta nemo mini izininsa, don ba zan sa sunansa a jarida bai sani ba. Ta dawo tana dariya tana share hawaye. Ta ce ya ce, “Shekara nawa yana riƙe da shi a baki? Ki ce mashi ya sauke ya huta.”

To, Ranka ya daɗe, ga abin da ya kamata in rubuta a gindin ɗorawa damina bakwai da suka wuce. Sunan manomin Malam Salisu Barmo, tsohon kofur, na ƙasar Sabuwa. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi, na kuma faɗe shi da ƙarfi ni kaɗai a ɗaki kafin in rubuta. Baba, ka yafe mini.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a wannan aiki mai nauyi, ya sa ka gama da mutunci. Allah ya jiƙan sojojin da ba su dawo ba, ya saka wa masananmu da alheri, ya ba Baba sauƙi, ya kuma sa amsarku ta riske shi yana ji.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Lawal Isiyaku,
malamin gona, Faskari.